Hajiya Suwaibatu da Tsakin Hajaratu

Ranar Talata, tara ga watan Satumba na shekarar 2025, ina tsakar gida ina kwashe shanyar kuɓewa saboda hadarin da ya taso daga gabas, sai wayata ta yi ƙara. Rahila ce, babbar ɗiyarki. Ba ta tsaya gaisuwa ba, ta ce, "Shafa'atu, Hajiya lokaci ya yi." Na ce daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Na yi ta maimaitawa har ruwa ya sauko ya jiƙa ni ya jiƙa kuɓewar, ban sani ba. Haka labarin rasuwarki ya iske ni a Sheme, Hajiya Suwaibatu Labaran, ke da duk Ƙanƙara ta sani da Hajiya Sista.

Waɗanda kuka yi aiki tare za su faɗi shekarun da kika shafe kina jinyar masu lalurar ƙwaƙwalwa a babban asibiti, kafin ki yi ritaya ki dawo gida. Mutanen Sabuwa, inda aka haife ki, su ma suna da nasu abin faɗi. Ni ɗinki ne sana'ata, kuma abin da na sani shi ne abin da kika yi wa gidanmu. Tun da na zauna rubutun nan nake ƙoƙarin in yi shi da nauyin da ya dace da ta'aziyya, amma dariya sai kuɓuce mini take yi a tsakiyar hawaye. Ki gafarce ni, ke kika jawo.

Hajaratu ita ce ɗiyata ta uku. Tana shekara bakwai ta fara ƙifta ido ba ƙaƙƙautawa. Muka ce ciwon ido ne, muka ɗiga magani. Sai ta koma fizgar wuya gefe guda kamar mai harara. Daga nan tsaki ya zo. Ba ƙaramin tsaki ba, Hajiya, kin ji shi da kunnenki: dogo ne, cikakke, irin wanda babbar mace take ja idan an taya kayanta tayin wulaƙanci. Kuma ba ya duba wuri. Ta ja wa malaminsu na Islamiyya yana tsakar biya musu karatu. Ta ja wa maƙwabcinmu da ya dawo daga Umara yana miƙa mata dabino. Ranar sunan ƙanenta, aka leƙo cikin gida aka faɗi sunan jariri, sunan surukina marigayi, mata suka yi tsit za a shafa fatiha, sai tsakin Hajaratu ya ratsa tsakar gidan. Surukata, Inna Kulu, ta daɗe ba ta amsa gaisuwata ba.

Kowane tsaki da tsawarsa, wani har da marinsa. Yarinya ta ce ba ita take yi ba, mu ce to wa ke yi, bakin na aro ne? Ana cikin haka fushi ya shigo. Abu kaɗan ke tayar da shi: igiyar silifas ta tsinke, ko a ce ta bar wasa ta zo wanke-wanke. Nan take sai ta koma wata daban, ihu, birgima, jifa da duk abin da hannunta ya kai. Ta fasa randa. Ta ciji yayarta. Idan abin ya wuce sai ta raɓe jikin rumbu tana kuka, tana roƙon a yafe mata, ita ma ba ta san yadda aka yi ba. Wannan kukan ya fi fasa randar yi mini ciwo.

Mun yi hayaƙi har akuyarmu ta daina leƙowa ɗaki. Mun bi masu magani daga nan har Faskari. Ranar da ta jefi wata yarinya da gorar ruwa don ta kwaikwayi tsakinta, shugaban makaranta ya ce ta zauna gida. Sai dangin mahaifinta suka zauna suka yanke shawara: da an gama girbi za a kai ta wurin wani mutum can cikin daji, wanda ake cewa yana fitar da iskoki da sarƙa da bulala. Lokacin shekararta tara. Wata mai kawo mini ɗinki ce ta ga idanuna sun kumbura, ta tambaye ni dalili, sannan ta ce, "Kin kuwa je wurin Hajiya Sista a Ƙanƙara?"

Mu huɗu muka zo miki: ni, da yarinyar, da maigidana, wanda mutane ke kira Malam Abdulgafar mai hatsi, da Inna Kulu, wadda ta ce ta biyo mu ne don ta ga ƙarshen ƙaryar 'yan asibiti. Muka same ki a gindin mangwaron gidanki, kin miƙe ƙafafun nan naki masu ciwon gwiwa. Hajaratu ta durƙusa ta ce, "Ina kwana, Hajiya," ta kuma ɗora da tsaki mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinta. Na so ƙasa ta tsage in shige. Hannun Inna har ya tashi sama. Ke kuwa kika ce, "Lafiya lau, Hajaratu. Wa ya yi maki wannan kitso mai kyau?" Yarinyar ta ɗaga kai ta dube ki. Ba ta taɓa jan tsaki an amsa mata da maganar kitso ba.

Kin saurari labarinmu har ƙarshe, sannan kika ce mu ukun manya mu buɗe idanu mu dube ki, kada wanda ya ƙifta sai kin ba da izini. Inna ta ce ita da ta yi naƙuda goma ba ta yi kuka ba, wannan wasan yara ne. Ita ta fara faɗuwa. Ni na biyo ta. Malam kuwa mutum ne da ba ya son a kayar da shi. Ya daure, ya zare ido, hawaye na bin gemunsa, ke kuma kika ɗauko goro kika ɓare a tsanake kina tambayarsa yadda masara take a kasuwa bana. Da ya saki, ya yi ta ƙifce-ƙifce kamar an watsa masa barkono.

Kika ce, "Malam, mi ya sa ka ƙifta? Raina ni ka yi?"

Ya ce, "Wallahi Hajiya ba da gangan ba ne."

Kika ce, "To ai abin da ɗiyarka ke faɗa maka ke nan, ba ka yarda ba."

Daga nan kika raba mana abin gida biyu. Tsaki da ƙifta ido da fizgar wuya lalura ce ta ƙwaƙwalwa, Turawa na kiranta tik, ba rashin kunya ba ne, kuma tsawa ƙara ta take yi. Inna ta ce ita ba ta yarda da ciwon da sunansa bai cika baki ba. Kika yi dariya kika ci gaba. Kika ce shi kuwa fushin, da yawa daga yaran da ke da wannan lalura nasu kan tashi da sauri ya wuce kima, amma ana koyon riƙe shi kamar yadda ake koyon keke, da faɗuwa da tashi. Kika ƙara da cewa ba yarinyar kaɗai za ta shiga aji ba, duk gidan za mu shiga. Addu'a mu ci gaba da yi, bulala mu ajiye. Ba ki yi mana alkawarin warkewa ba. Kin tura mu wurin likita ya duba ta tukuna, ya tabbatar ba wata cutar a ɓoye, sannan muka fara zuwa miki duk mako.

Darasin farko, kowa a gidan ya zama kurma ga tsaki. Ba wanda ya wahala kamar Inna. Hajaratu za ta ja tsaki, sai ka ga bakin Inna ya buɗe, ta tuna, ta rufe, ta waiga ta sauke faɗan a kan kazar da ta fi kusa. Kajin gidanmu sun ji abin da ba su taɓa ji ba game da iyayensu da kakanninsu.

Darasi na biyu, yabo. Kika ce duk abin kirkin da ta yi, komai ƙanƙantarsa, a faɗa mata nan take, a kuma ambaci abin. Malam bai saba ba. A ganinsa yaro ya yi daidai, shirun uba ya ishe shi lada. Amma ya riga ya yi miki alkawari. Ya dawo daga kasuwa ya iske ta tana shara, ya tsaya a kanta ƙiƙam kamar mai karanta sammaci, ya ce, "Hajaratu, na ga kin share zaure. Ya yi kyau. Allah shi yi maki albarka." Yarinya ta yar da tsintsiya ta rugo wurina a firgice, ta ce in zo, Baba ba shi da lafiya.

Ni kuma nawa darasin na baki ne. Na saba in aika saƙo biyar daga madafa da murya ɗaya. Kika ce in taso in je kusa da ita, in faɗi abu guda, gajere, kuma idan za a raba ta da wasa in sanar da ita tun da sauran lokaci, kada a fizge ta kwatsam. Na ce Hajiya, wannan ai ni ce zan koma 'yar aiken. Kika ce in gwada in ga wanne ya fi sauƙi, tasowa ko sayen sabuwar randa.

Ita Hajaratu kuwa madafarki kika kai ta. Kika ɗora ruwa a tukunya kuka zauna kuna kallo. Kika nuna mata lokacin da ya ɗauki ɗumi, da lokacin da ya fara tsuwwa, da lokacin da ya tafasa. Kika tambaye ta yaushe ya fi sauƙi a janye itace. Sannan kuka bi jikinta kuna neman tata tsuwwar, kuka gano cewa kafin ta fashe kunnuwanta kan yi zafi, ƙafarta ta dama ta kama rawa. Kika ce da ta ji haka ta ce, "Ruwana na tsuwwa," ta tafi tabarmar da za mu shimfiɗa mata bayan rumbu, ta ja numfashi ta hura a hankali kamar mai huce koko. Ba mai bin ta, ba mai yi mata magana, kuma ba horo ba ne.

Don abin ya zauna, kika ce sai an gwada shi a wasa tun hankali na kwance. Nan ne kika yi abin da har gobe ake ba da labarinsa a gidanmu. Kika ce Hajaratu ta zama Inna, Malam ya zama Hajaratu. Yarinyar ta ɗaura ɗankwali, ta dafa ƙugu, ta kwaikwayi muryar kakarta tiryan-tiryan: "Ke wagga ɗiya, don ƙaniyarki, ba ki ji ana kiranki?" Inna ta ce wallahi ba haka take magana ba, da irin muryar sak. Malam ya so ya yi fushin a zaune cikin mutunci. Kika ce a'a, a yi shi yadda ake yi. Haka dattijon nan ya kwanta kan tabarma da babbar rigarsa yana shure-shure, hularsa ta gangara gindin mangwaro. Daidai nan maigidanki, Alhaji Yusha'u, ya shigo, ya duba, ya ce, "Allah ya sawwaƙe, ashe uban ma na da shi," ya juya. Hajaratu ta yi dariya har ta riƙe ciki. Sannan aka sake wasan, wannan karon Malam ya ce ruwansa na tsuwwa, ya tashi ya tafi ya huce. Ta ga babanta ya yi, ta yarda ba abin kunya ba ne.

Ba zan ce komai ya tafi sumul ba. Ana dab da gama girbi, bayan mun fara murna, ƙanenta ya yaga mata littafi, ta tafasa ba tare da tsuwwa ba. Ta yi jifa da tsohuwar langar Inna, wadda ta zo da ita gidan tun tana amarya, ta lotse. Na kira ki ina kuka na ce aikin ya rushe. Kika ce, "Da sau nawa take yi a mako, yanzu sau nawa? Share hawayenki ki duba." Kika ce idan ta huce a zauna da ita, ta ba Inna haƙuri, ta kuma ɗauke mata wani aiki a madadin ɓarnar, domin lalura ba ta ɗauke wa mutum gyaran abin da ya ɓata.

Amma labari ya riga ya kai wa yayan Malam, Alhaji Mani. Ya zo da mota, ya ce alkawarin dangi ya cika, a shirya yarinya. Na sake kiranki. Kika hau acaɓa daga Ƙanƙara, da gwiwoyin nan, a kan hanyar da kowa ya san halinta. Kin iso kin same shi ya sa Hajaratu a gaba a zaure yana zazzaga mata faɗa, tana jan tsaki, yana ƙara hawa. Na zaci za ki tare shi. Sai kika zauna kika yi shiru, kika kuma yi mini alama in yi shiru. Ina kallon ƙafar yarinyar ta kama rawa. Sai ta ɗaga hannu ta ce, "Baffa, ka yi haƙuri, ruwana na tsuwwa. Zan je in dawo."

Ta tashi ta shige. Alhaji Mani ya tsaya baki buɗe, ya tambaya ko shayi aka ɗora mata. Can ta dawo, ta durƙusa inda ta tashi, ta ce, "Na dawo, Baffa. Ci gaba." Ya nemi inda ya tsaya a faɗan ya rasa. Malam ya gyara murya ya ce, "Yaya, ɗiyar nan ba inda za ta." Sai a lokacin kika yi magana, kika yi wa Alhaji bayani a natse, da girmamawa. Ya koma da motarsa ba yarinya, amma ya tafi da buhun masara da Malam ya sa masa don kada a rabu da ɓacin rai.

Daga zauren kika wuce makarantarsu. Kika zauna da shugaban makaranta da malamar ajinsu, kika roƙa a ba ta kujera kusa da ƙofa, da izinin fita ta huce ba sai an tambaye ta dalili ba. Suka karɓe ta. Yau Hajaratu na ƙaramar sakandare. Tsakin bai tafi ba, yakan lafa ya dawo, musamman lokacin jarrabawa. Fushin kuwa sai a daɗe ba a gan shi ba, kuma idan ya zo ba ya kai inda yake kaiwa da.

Kada mai karatu ya zaci ke mai sanyin hali ce, Hajiya. Kina da zafi, kuma ba ki ɓoye ba. Kin sha faɗa mana cewa abin da kike koyarwa ke ma ɗalibarsa ce. Rahila ta ba ni labarin wata tafiya da kuka yi Sabuwa a motar haya, za ki duba wani yaro. Akuyar da aka ɗaure a bayanku ta cinye gefen sabon mayafinki. Kika waiga kika gani, kika rufe ido kina jan numfashi kina hurawa, har direba ya taka birki ya tambaya ko haihuwa ce. Kika ce, "Ja motarka, ɗan nan, ceton mai akuya nike yi." Likita ya hana ki zaƙi, amma duk wanda ya zo miki daga Faskari ya san idan ya ɓoye rake a ƙarƙashin kaya ba za ki tona shi ba. Ba ki taɓa karɓar komai a hannunmu ba in ban da shi.

Da muka zo zaman makoki na ga abin da ban sani ba. Na zaci mu kaɗai ne, ko mu da 'yan gidaje kaɗan. Sai ga iyaye daga Faskari, daga Sabuwa, daga ƙauyukan da sai an yi shahada ake fitowa daga cikinsu. Ana cikin karɓar gaisuwa wata mata ta yi sallama riƙe da hannun yaro, yana ɗaga kafaɗa yana wani ƙara kamar mai shaƙuwa. Ba ta ji rasuwar ba. Daga wajen Sabuwa ta taso tun da safe, an ce mata akwai wata Hajiya. Da aka faɗa mata ta zauna daɓas a bakin ƙofa. Yaron ya firgita da taron, ya fara ihu, ya yi shuri da butar alwala. Wata daga cikin masu gaisuwa ta ce a fitar da shi, nan gidan mutuwa ne.

Inna Kulu ce ta miƙe, da sandarta. Ta ce, "Duk wadda ta taɓa yaron nan ni da ita ne. Ku matsa ku ba shi wuri, ku kuma daina kallonshi." Aka matsa. Ta zauna kusa da uwar ta riƙe mata hannu har yaron ya sauko. Rahila ta kira Malam Gide, ma'aikacin jinyar da kika daɗe kina koya wa wannan aiki, ya sa musu ranar da za su same shi, ya kuma faɗa musu likitan da za su fara gani. Matar ba ta taɓa ganin fuskarki ba, amma da za ta tafi ta yi miki addu'ar da ta sa kowa kuka.

Allah Ya jiƙan ki, Hajiya Suwaibatu. Ya yafe miki kurakuranki, Ya yalwata makwancinki, Ya haskaka shi. Yaran da kika tsayar da bulala a kansu, Allah Ya sa su zame miki shaida ranar da kowa ke neman shaida. Ya sa Aljannar Firdausi ce masaukinki.

Ina miƙa ta'aziyyata, da ta maigidana, da ta Inna, da ta Hajaratu, ga Alhaji Yusha'u, da Rahila da ƙannenta, da jikoki, da dangi na Ƙanƙara da na Sabuwa. Allah Ya ba ku haƙurin wannan babban rashi, Ya albarkaci abin da ta bari. Mu kuma da muka rage, idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.